Takarda ta Uku

Hajiya Dudu ba ta rubutun boko,
don haka ni ke riƙe mata biro.
Ta miƙe kumburarriyar ƙafa kan tabarma,
ta ce, "Rubuta, Bappayo.
Rubuta da kyau, kada ka sa zagi."

Ɗaki na huɗu daga bakin rijiya,
gidan haya a Bolari, bayan masu niƙa.
Lamela mai gyaran janareto
ya sa hannu kan shekara guda,
ya biya rabi, ya ce saura sai kaka.
A wata na bakwai, wata Laraba,
tun ladan bai gyara murya ba,
keke ya kwashe katifa da risho,
makulli kuwa aka bar wa mai shayi.

Takarda ta farko
da ƙullun rogo na manna ta a ƙofa.
Ƙadangare kaɗai ya zo ya gyaɗa mata kai.
Ruwan Agusta ya wanke adadin,
ya bar kalmar naira tana tsiyayar tawada.

Ta biyu na ɗauki hotonta na tura ta waya.
An buɗe, an gani, an yi gum.

Wani lauya da muke haɗa sahu ya ce,
"Fita ba ta tsinke igiya.
Wanda ya ɗauki shekara, shekara na wuyansa,
ko ya kwana ciki ko ya kwana a Kaltungo,
sai in mai gida ta yafe, ko ta zuba wani."
Wa za a zuba? Ɗakin na yoyo ta kusurwa biyu.
Hajiya ta ce, "Kuɗin nan ba na leshi ba ne.
Allurar sukari ce, da kwanon rufi,
da jikan da aka koro kan kuɗin jarrabawa."

Ta uku na ninke ta huɗu, na shiga mota.
Duwatsun Kaltungo suka tarbe ni da zafi.
Na yi tambaya a gareji, aka nuna mini asibiti.
Ga shi nan kan benci, ya rame kamar sandar rake,
yana yi wa tsohonsa fifita da kwalin magani.

Ya ce, "Na san abin da ke aljihunka. Karanta."
Na karanta ƙasa-ƙasa:
dubu tamanin da biyar,
kuɗin wuta na wata uku,
da gilashin taga.
Ya ce, "Taga ƙwallon yaran maƙwabta ce.
Sauran duk gaskiya ne.
Kunya ce ta fitar da ni da asuba,
ba mugunta ba."
Ya ƙirgo dubu bakwai masu warin fetur,
ya turo akwatin kayan aikinsa da ƙafa.
"Kai mata jingina."

Na dawo Gombe da ƙarfe a cinya,
kowane rami sai sufana ta yi kuka.

Hajiya ta buɗe, ta daɗe tana kallo.
"To, in dafa su ne?
Ka taɓa ganin mai bin bashi
ya sare hannun da zai biya shi?
Gobe ka ba direba ya mayar.
Bashi na nan, ban yafe ba,
ka rubuta: dubu biyar duk ƙarshen wata.
Ka goge taga."

Na goge taga. Na rufe biro zan tashi.
Ta ce, "Zauna, akwai saura.
Sabuwar takarda.
Ɗaki na biyu, wata uku ba labari."

Ɗaki na biyu nawa ne.
Ba ta ɗago kai ba, ni ma haka.
Injin niƙa na ta ruri a bayan katanga.
Na gyara zama, na rubuta sunana da kyau,
ban sa zagi ba.